Barista Sai-Mun-Taka da Ɗorawar Inna

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin Kawu Habu a Bagwai ya san abin da ido ke fara gani. Ba littattafan shari'a ba ne, takalman roba ne jere a bakin ƙofa, duk sun sha laka. Lauyan kasuwanci ne fa! Ofishinsa na yi wa kamfani da ƙungiyar manoma rajista, yana rubuta kwangila da yarjejeniyar haya, yana raba gardamar 'yan kasuwa. Amma da zarar ka ambaci gona, sai ya ture takardarka gefe ya ce, "Sai mun taka." Daga Kunci har Tofa, in ka ce Barista Habu sai a tsaya tunani, in ka ce Barista Sai-Mun-Taka kuwa, ko mai ƙosai za ta nuna maka hanya.

Ni ne Nasiru, ɗan yayarsa, wanda yake kira Malam Gaggawa. Na ci sunan kuwa, don saura ƙiris gaggawata ta cinye ɗorawar mahaifiyata. Zan zo kan wannan, amma bari in fara tuna muku halin mutumin.

Kun tuna Alhajin nan da ya zo daga birni zai sayi gona a hanyar Kunci? Ya shigo cikin farar shadda yana ƙamshi, ya miƙa wa Kawu waya.

"Barista, ba sai mun wahala ba. Ga hoton gonar nan, tauraron ɗan'adam ne ya ɗauko."

"Madalla," in ji Kawu. "In rigima ta tashi, tauraron ne zai sauko ya yi shaida?"

Haka Alhaji ya zura takalmin roba ya tattare riga. Ba su yi nisa ba sai ga garken shanu ya ratso ta tsakiyar gonar hankali kwance. Ashe burtali ne ya raba ta biyu! Alhaji ya dawo shaddarsa ta koma ruwan ƙasa, yana zagi yana godiya a lokaci guda. Daga ranar ya kwaso duk takardun kasuwancinsa ya dawo da su Bagwai.

Sai kuma maganar kwanuka. Wasu 'yan kasuwa biyu suka zo a rubuta musu cinikin dawa buhu ɗari. Kawu ya ce, "Buhu tiya nawa?"

Suka haɗa baki, "Arba'in mana!"

"Tiyar wa?"

Suka kalli juna. Ashe kowa da kwanon da yake nufi a ransa, na mai saye kuwa cikinsa ya fi zurfi. Kawu ya sa suka je suka kawo kwano ɗaya da suka yarda da shi, ya ɗauki ƙusa ya karta sa hannunsa a gindin kwanon, ya rataye a bango. Kafin ya rasu bangon nan ya cika da kwanuka kamar ɗakin amarya, kowanne da lambar fayil ɗinsa.

Kotu kuwa ba ya son zuwa, ya ce ita asibiti ce, rigakafi ya fi. Shi ya sa bai taɓa sake hular lauyansa ba, har asu ya cinye gefe guda. Wani alƙali ya taɓa ce masa, "Barista, hular nan ta gaji."

"Ranka ya daɗe, ƙarshen shari'ar nan take jira. Ai tare suka fara."

To, ga tawa. Wani kamfani ya zo neman hayar gonarmu ta gado, zai gina rumbun ajiyar shinkafa. Murna kamar ta kashe ni! Ni ne ɗan fari, ni ke magana da yawun ƙannena, na ce musu gobe ma a sa hannu. Na shiga wurin Inna na faɗa mata. Kun san Inna da kunyar ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta musa mini magana. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya sa alheri," ta ci gaba da tsince kalwarta.

Na ruga ofishin Kawu da takardar kamfani. "Kawu, hatimi kawai za ka buga, lauyansu ya gama komai."

"Sai mun taka."

"Haba Kawu! Gonar da aka haife ni ina nomawa? Ka fi ni saninta ne?"

"Zura takalmi, Malam Gaggawa."

Wallahi raina ya ɓaci. Ga rana ta take, ga lauyan kamfani cikin baƙar kwat yana sharce gumi, ga Kawu yana bin layin gamba taki ɗaya-ɗaya yana kiran maƙwabta. Duk bishiyar da muka iso sai ya dafa ta ya ce, "Wannan ta waye?" Har lauyan kamfani ya ƙosa.

"Barista, duk za a tuge su da katafila. Sakin layi na tara ya faɗa."

"Na karanta," in ji Kawu. "Shi ya sa nake tambaya."

Da muka iso babbar ɗorawar da ke kusurwar gabas, ya dafa ta, amma ni ya kalla. "Wannan fa?"

Na ce, "Tamu ce mana, tana cikin gona."

Sai Malam Isiyaku maƙwabcinmu ya yi gyaran murya. "A'a, Nasiru. Gona taku ce, ɗorawa ta mahaifiyarka ce. A gabana marigayi mahaifinka ya ba ta, shekarar da aka haife ka."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ai na sani! A garinmu ana sayar da gona bishiya ta zama ta wani, kowa ya san haka. Da daddawar kalwar bishiyar nan Inna ta ɗinka mini rigar makaranta. Murna ce ta rufe mini ido, ita kuma kara ta rufe mata baki, da an tuge da ba za ta taɓa cewa uffan ba.

Lauyan kamfani ya ce, "Sai mu biya ta diyya."

"Ba ta sa a kasuwa ba," in ji Kawu.

"Yanzu saboda bishiya ɗaya za mu canza zanen gini?"

"Ko ku canza zane, ko ku canza gona. Ga takalmi nan, akwai gonaki har Tofa, sai mu taka."

Mutumin ya dubi rana, ya dubi ƙafafunsa, ya ce a canza zanen. Kawu ya zauna a gindin ɗorawar ya rubuta sabon sakin layi a bayan wata tsohuwar ambulan, don ba ya ɓarnar takarda: bishiya ta Hajiya Binta ce, wato Inna, katanga ta kauce mata, kuma a bar mata hanya. Ku je ku gani, har yau katangar kamfanin tana tafiya sumul, sai ta iso ɗorawar ta lanƙwasa. Da na koma gida na durƙusa gaban Inna. Ita kuwa sai ta ƙulla daddawa ta ce a kai wa Habu. Ladan aikinsa ke nan, kuma duk bazara sai ta aika.

Ranar da Kawu ya rasu, Alhajin nan mai farar shadda ya kawo mota don ɗaukar gawa, tunda maƙabarta da ɗan nisa. Sai ga saƙo daga cikin gida, Inna ce ta aiko: a gode wa Alhaji, amma sai an taka. Muka yi dariya hawaye na zuba, muka saɓa makara a kafaɗa.

Allah ya jiƙan Kawu Habu, ya gafarta masa, ya yalwata makwancinsa. Yadda ya tsare wa Inna inuwarta, Allah ya sa shi a inuwarsa ranar da babu wata. Amin.