Albasar Kawu da Tarkacen Manhaja

Shekarar da nak koma Wurno, aikina a ofishin ƙungiyar manoman rani shi ne kula da manhajar da ke raba ruwan dam: wane yau, wane gobe. Ita ka hidda takardar da mai buɗe ƙofar ruwa ke bi. Abin da babu a takarda ba ya buɗewa, ko ubanai ne.

Sai manhajar ta fara tsallake gonakin ƙarshen magudana, wajen Kwargaba. Can albasar kawuna take, dashen sati biyu.

Na gano kuskuren ranar farko, layi guda ne. Amma gyara ba ya aiki sai an sake harhaɗa manhajar, kuma kahin a harhaɗa dole a share tarkacen fayilolin da haɗin baya ya bari. Tarin tsiya gare su. Ogana, da ke zaune Sakkwato cikin sanyin ofis, shi yar rubuta tsarin sharar: a ɗauki fayil guda, a duba shi, a rubuta sunanai a allo, a goge, a ɗauki na gaba. Kamar mai tsintar gero da ya zube cikin rairai. Kuma ya kafa doka, kada wanda ya taɓa mishi tsari.

Wuta kuwa ba mu da ita, sai dai in kai caji kasuwa sau guda a rana. Batirin kwamfutar awa guda yake yi, shara ta cinye kusan duka, haɗi na farawa sai allo ya yi ɗif. Kwana ukku ina haka, wallahi, ina kallon sunaye na wucewa kamar wawuya. Na kira Oga, yac ce in yi haƙuri, tsari tsari ne.

Rana ta huɗu da hantsi Kawu ya shigo, laka busassa a ƙafa. Bai zauna ba.

"Ɗiyata, mi muka yi ma na'urar taku?"

"Kawu, shara take."

"Shara? Albasa na mutuwa, ku kuna shara?"

Kunya ta kama ni, sannan haushi ya biyo. Nac ce a raina, yau ko a kore ni. Na buɗe tsarin Oga, na kashe shi. Foldar da tarkacen fayilolin ke ciki gaba ɗaya na canza ma suna, na ture ta gefe, abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Manhaja ta duba, ta ga wuri fes, ta kama haɗi. Da ta gama, na goge tsohuwar foldar da umurni guda, ba duba ba karanta suna. Batir ko rabi bai yi ba takarda ta hito, ga Kwargaba a sama.

Oga ya aiko da takardar tuhuma, wai wa ya ba ni izini. Na amsa mishi da hannuna: babu wanda ya ba ni, kuma gobe ma haka zan yi. In ya matsu, ya zo ya riƙe batirin.

Da la'asar na bi ruwan har gonar Kawu. Kunyoyin da ke kusa da magudana sun farfaɗo. Na can baya kuwa sun riga sun ƙone, ganyen ya kwanta fari fat. Kawu na ta sa min albarka, ni ko na kasa dubanai. Tun ranar farko na san yadda zan yi. Kwana ukku na tsaya ina biyayya, kuma ga su nan kwance gabana.