Mai Duba Bayani a Rumfar Caji

A rumfar cajin Sodangi, bakin tashar Shagari, wani mutum yana zaune kan buhun albasa, kwamfuta a cinyarsa. Zai kai shekara arba'in. Wuyan rigarsa ya lalace, amma an goge ta sosai. Yana karanta layi ɗaya, ya danna abin da layin ya ce, ya jira, ya girgiza kai.

"Ɗana, mi kaka yi?" na tambaye shi.

"Inna, wata manhaja ce mai farautar kuskure cikin wasu manhajoji. Yanzu ana iya rubuta mata umarni ta yi aikin da kanta. An rubuta bayanin yadda ake yi, ni kuma ina bin shi kamar wanda bai san komai ba. Inda marubucin ya tsallake mataki, nan baƙo zai faɗi. In ban miƙa wa masu manhajar rahotona yau ba, wani za su ba aikin."

"Malam, ce musu ya yi kyau mana!" in ji Sodangi. "Wa za shi gane? Fetur ya kusa ƙarewa."

Mutumin ya ci gaba da bin bayanin layi-layi. Ina jin tsohon malamin makaranta ne. Irin fuskar nan na gani zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da ake sallamar ma'aikata.

Janareta ya yi tari ya mutu. Batirin kwamfutarsa ba ya riƙe wuta, ga shafi guda bai duba ba. Yana rubuta, "Wannan ban gwada ba," sai gilashin ya yi baƙi. Bai kai ga turawa ba.