Gaisuwar da Nike Tsallakewa

Ni ba ni son doguwar magana. Tun ina makaranta haka nike, in mutum ya tsaya kewaye-kewaye sai in ce mishi ya faɗi abin da ke tafe da shi. Wannan halin ne ya sa anka ba ni aikin kwamfuta a siton kawuna da ke Wurno, shekarar da na gama sakandare.

Kawu yana sayar da kayan noma: irin albasa, taki, maganin feshi, tiyo da kayan injin ban-ruwa. Tun ban san kaina ba shike bin kasuwanni da tsohuwar a-kori-kurarsa, yau Rabah, gobe Goronyo, jibi Achida. Ya san kowa, ya san uban kowa. Ciniki na minti biyar sai ya ci rabin yini, don sai an tambayi lafiyar gida da ta dabbobi da ta gona.

Sai babban ɗansa, wanda nike kira Yaya, ya dawo daga karatu a Sakkwato da kwamfuta da wani tsari a kansa. Ya ce yawon kasuwa ɓata mai ne. A tara kaya wuri ɗaya, manoma su riƙa aiko da saƙon abin da suke so ta waya, a shigar a kwamfuta, ita ta nuna inda mota za ta bi da abin da za ta ɗauka. Kawu ya yi gardama, amma guiwarsa ta riga ta fara ciwo, sai ya bari. Anka rufe rumfar Rabah. Anka gyara wani ɗan ɗaki bayan sito, mai taga ɗaya sama, anka sa sola da tebur, anka sa ni.

Gaskiya tsarin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Cikin shekara guda kwamfuta ta nuna muna cewa mutanen Sisawa ba su damu da irin albasa ba, takin gero da dawa suke nema da farkon damina. Ta nuna muna lokacin da 'yan fadama ke fara neman tiyo, sai mu sayo tun bai yi tsada ba. Mota ta daina dawowa da rabin kaya. Yaya ya riƙa cewa yanzu ba zato muke yi ba, gani muke yi.

Ni kuwa ina can baya. Gaban sito ana hira ana dariya, ina jiyowa ta bango. Ƙawayena wasu sun tafi karatu, wasu sun koma wasu garuruwa. Yini nike yi ba wanda ya leƙo sai Yaya, shi ma fuskar kwamfuta yake kallo, ba tawa ba. Abincina ma bisa teburin nike ci.

Mafi yawan manomanmu ba su rubutu, saƙon murya suke aikowa, kuma duk da Kawu suke magana, don lambarsa ce. Alhaji ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ƙafa, ya ruwa wajenku. Sai an yi minti biyu ko uku kafin a ce buhu biyu. Wata rana saƙo hamsin na jirana, kowa na tambayar ƙafar Alhaji. Sai na gano dabara: in sa yatsa in ja saƙon zuwa kusa da ƙarshe, nan bukatar take. In shigar da ita, in aika amsar da Yaya ya rubuta muna, iri ɗaya ga kowa: "An karɓa. Kaya za su iso ran kasuwa." Aikin yini ya koma na hantsi. Yaya ya yaba mini, na ji daɗi.

Akwai wani dattijo na Kagara, can ƙasar Goronyo, manomin albasa, abokin cinikin Kawu tun suna samari. Shi ya fi kowa doguwar gaisuwa. Da na ga sunansa nike tsaki. Kuma shi ne mutanen unguwarsu ke bi, inda ya sayi iri nan suke saye.

Lokacin zuba irin albasa ya aiko da saƙo na minti huɗu. Na ja shi kamar kullum. Na ji yana cewa gwangwani biyu na iri, na aika amsa, na wuce na gaba.

Bayan mako uku kwamfuta ta nuna Kagara da ja. Ba saƙo ko ɗaya daga can, alhali bara warhaka sun fi kowa saye. Yaya ya zauna ya yi nazari, ya ce lalle wani ne a kasuwar Goronyo ya karya farashi. Ya sa na aika musu saƙon rangwame. Shiru. Ya ce ko irinmu ne bai tsiro ba, ya sa anka gwada shi a kasko, ya tsiro sarai.

Kawu ne ya jiyo dalilin a Achida, wajen wani da sunka yi sallar Juma'a tare. Da ya dawo ya shigo ɗakina, karo na farko tun da anka sa ni ciki. Bai zauna ba. Ya ce in nemo saƙon dattijon in kunna tun daga farko.

Na kunna. Sallama, ya iyali, ya ƙafa. Ya ce Alhaji, tsohuwa ta riga mu gidan gaskiya shekaranjiya, bayan azahar. Ya ce shekara arba'in da wani abu da aurensu, ita ke ajiye mishi iri a tulu. Ya ce bai so Alhaji ya ji a bakin wani ba. Ya daɗe yana magana. Can ƙarshe ya ce gona ba ta san makoki ba, a aiko mishi da gwangwani biyu.

Kawu ya ce da amsa ta iso, dattijon na zaune a zaure cikin masu ta'aziyya. Da yake ba ya karatu, sai ya miƙa wayar ga maƙwabcinsa, ya ce ga gaisuwar Alhaji ta zo, a karanta kowa ya ji. Anka karanta.

"Mi kika yi muna haka, ɗiyata?" Kawu ya tambaye ni, a hankali.

Na ce saƙonni ne sunka yi yawa. Yaya ya fara cewa laifin tsari ne, za a gyara. Kawu bai ko dube shi ba, ya ce gobe da sassafe za shi Kagara. Na ce zan bi shi. Ya ce ba a gayyace ni ba. Na ce ni na aika, ni zan je.

Mun iske shi a zaure, ɗan siriri, ya fi muryarsa tsufa. Kawu ya yi addu'a, sunka daɗe suna ya haƙuri, haƙuri sai ma'aiki. Ni na shiga ciki na gai da mata, sannan na fito na durƙusa bakin ƙofa. Kawu ya so ya rufe zancen, ya ce kuskuren na'ura ne. Ban iya ba. Na ce, Baba, ba na'ura ba ce, ni ce. Ban saurari saƙonka ba, ƙarshensa kawai na ji.

Ya dube ni ya ce, "To ke ta cikin wayar?"

Na ce ni ce.

"Gaisuwag ga da nike yi ma Alhaji, tana isa gare shi?"

Da wata ce da ta ce wani lokaci tana isa. Na ce ba ta isa, Baba. Ya ce tun yaushe. Na ce tun daminar bara. Ya murza carbi, sannan ya ce ba komi, Allah shi yi miki albarka. Ya sa anka kawo muna fura. Da munka sha, munka kama hanyar Wurno.

Mutanen Kagara sun dawo, ja ya goge daga kwamfuta. Kawu ya kafa doka: kowane saƙo a saurare shi daga sallama har sai anjima. Yaya ya ƙara wani gurbi kusa da sunan kowane manomi, inda nike rubuta rasuwa, haihuwa, ciwo ko ɓarnar ruwa. Duk Alhamis nike kai ma Kawu takardar, ya kira waɗanda za a kira, ya je wa waɗanda za a je wa. Yanzu Yaya na gaya ma abokansa cewa wanga gurbi shi ne abin da ya fi amfani cikin tsarin duka.

Aiki ya koma na yini guda. Na san wanda saniyarsa ta haihu a Rabah, na san wanda ɗiyarsa ke asibiti. Wasu da sunka ji labari har sukan ce a gai da yarinyar cikin waya. Dattijon Kagara kuwa, tun daga rannan saƙonsa ba ya wuce daƙiƙa biyar. "Taki buhu ɗaya. Kagara." Ko sallama babu. Ba fushi a muryar, ya dai rage mini aiki.

Tsoffin saƙonninsa na nan cikin kwamfuta, ban goge ba. In an tafi sallar azahar sito ya yi tsit, nikan kunna su ɗaya bayan ɗaya, tun daga farko. Ashe har labarin tsohuwar yakan ba Kawu, yadda take mishi faɗa in ya sayi iri da tsada.

Makon jiya ya aiko, gwangwani biyu. Na bar amsar Yaya, na danna na yi magana da bakina. Na ce Baba ina wuni, ina gajiya, ya gida, ya haƙuri, ya fadama, ya sanyi wajenku. Na yi fiye da minti biyu, ni da ba ni son doguwar magana. Wayar ta nuna ya saurara. Da la'asar amsa ta zo, na sa a kunne. Ya ce, "An karɓa."