Hutun Sista Ƙarfe

A ɗakin da ake kwantar da mata a wani asibiti, ba mai kiran nas ɗin nan da sunanta. Sista Ƙarfe ake ce mata, don ba a taɓa jin ta ce wash ba. Da farko kirarin ya yi mata daɗi. Sai daga baya ta gane cewa mai irin wannan suna ita ake jibga wa aikin duk wadda ba ta zo ba. Jijiya ta ɓuya a hannun tsohuwa, a kira Ƙarfe. Majinyaciya ta cika, Ƙarfe ce za ta fita ta gaya wa dangi, ta dawo ta canza zanin gado. Abinci kuwa a tsaye take ci, in ta tuna da shi.

Wata rana ta dawo gida, ko takalmi ba ta cire ba, 'yar autarta ta kama mata riga, jiki zafi rau.

"Umma, kaina na ciwo."

Ba ta ko kalle ta ba ta ce, "A samu wuri a zauna, za a kira ku."

Yarinyar ta je ta zauna a tabarma tana jiran a kira ta. Ƙarfe ta tsorata ƙwarai, domin ta laluba zuciyarta ta ji wayam, ba tausayi ba haushi.

Washegari ta nemi hutu a wurin shugabar nas-nas.

"Haba Sista, har ke? In kin ce kin gaji, mu kuma mu ce me?"

Amma shugaba mai tausayi ce, ba ta bar ta haka ba. Ta tura ta taron bita kan juriya, a ranar da ya kamata ta wuni a gida. Wani mai kwat, wanda tunda yake bai taɓa juya majinyaci a gado ba, ya koya musu yadda ake jan numfashi. Aka tafa, aka ɗauki hoto.

Hutun da kansa ya zo. Tana cikin rabon magani ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki, tire a hannu, hawaye na zuba, ta kasa tuna wa za ta ba me. Sai ta zube. Aka kwantar da ita a gadon ƙarshe, aka sa mata ruwa. Likita ya duba ya sake dubawa, ya gano cewa gajiya ce. Ta lumshe ido, tana jin daɗin katifar da ta yi shekara da shekaru tana gyara wa wasu.

Shugaba ta leƙo. "Sannu Sista, Allah ya sauwaƙe. Tunda ga ki kusa, ruwan baiwar Allahn nan ta gefenki ya kusa ƙarewa, ki ɗan sa mana ido."

Ƙarfe ta buɗe baki za ta ce a'a. Sai ta ga ledar ruwan matar ta tsotse, jini ya fara hawa roba. Ta sauko da ƙafafu, ta jawo sandar da aka rataye nata ruwan, ta koma bakin aiki.