Tsagar da ke cikin zanen mumbari

Jama'a, yau saura ƙiris a kore ni daga aiki a kan tsagar da ko gashi ya fi ta kauri!

An aiko mana zanen ginshiƙin mumbari daga Yendi, mu sassaƙa da injin da ke juya katako yana yanka. Na loda zanen a kwamfuta, na gwada a allo. Kai! Bakin injin yana tafiya lafiya, sai ya nutsa tsakiyar ginshiƙin!

Maigidana, Alhaji Seidu, ya ce, "Zanen injiniya ne fa. Kunna kawai!"

Na ce, "Wallahi ba zan kunna ba, Alhaji. Katakon madacin nan ɗaya gare mu."

Ya ce, "To fita min daga shago!"

Ko gezau. Na ƙara girman zanen, na bi shi lungu-lungu. Ga tsagar! Fuskoki biyu na ginshiƙin ba su haɗu a zanen ba, injin ya ɗauka rami ne. Na ɗinke su, na sake gwadawa. Sumul!

Alhaji ya leƙo: "Ai na ce maka zanen lafiyarsa lau."

Na ce, "To ga na injiniyan yadda ya zo. Bismillah, kunna da hannunka."

Nan take ya tuna bai yi alwalar La'asar ba!