Ranar da Na Nemi Akanta Biliti

Abin da na ci jiya ma sai an tuna min, amma ranar da na tsare sufeton 'yan sanda a zaurenmu ina tuhumarsa da ɓatan mutum, wannan kam har in koma ga Allah ba za ta fita daga kaina ba.

Da damina ne, shekarar da matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa. Mu a Unguwar Hajji ba mu ga komai da ido ba, sai dai rediyo. Aka ce a birni an fasa shaguna, an harba barkonon tsohuwa, an kwashi yara a mota, wasu iyayensu ba su san inda suke ba. Aka sa dokar hana fita. Ni sunan hayaƙin nan ma ya isa ya ɓata min rai. Tsohuwa ce ni, barkonona yana madafi, ban ba kowa aro ba.

Babban ɗana malamin gona ne na gwamnati. An ja musu kunne cewa duk ma'aikacin da aka samu a taron da ya shafi zanga-zanga, to a bakin aikinsa. Aikin nan kuwa shi ke riƙe da gidanmu kaf, don haka na kafa masa ido. Da yake ofis a rufe yake, sai abokan aikinsa suka riƙa taruwa a zaurenmu bayan la'asar. Akwai malamin asibiti mutumin Rogo, da malamin firamare mutumin Kurugu, da wasu. Ni kuma na ja tabarmata jikin bangon zauren ina ɓarar gyaɗa. Kada wani ya ce laɓe nake yi. Gidana ne.

Sai in ji malamin asibiti yana cewa, "Yaran nan da aka kwashe, wa zai fito ya ce ga inda suke? Wanda ya ce a harba, wa zai tambaye shi?"

Malamin firamare ya ce, "Mu da ake kira ma'aikatan gwamnati ma ba mu sani ba. Gobe kuma mu talaka zai kalla."

Ɗana ya ce, "Matsalar ɗaya ce, babu akantabiliti."

"Wallahi kuwa, akantabiliti ya ɓace a ƙasar nan," in ji malamin asibiti.

To, ni ban yi boko ba, amma ba a raina min hankali. Akanta dai na san shi, ma'aikacin ofis ne. Biliti kuwa na ce ai sunan mutanen kudu ne. Nan take na haɗa zancen: abokin aikinsu ne aka kwashe, ya ɓace. Tausayin matarsa ya kama ni. Har a salla sai da na sa shi, ina cewa Allah Ka bayyana Akanta Biliti, ko ba Musulmi ba ne ai ɗan wani ne. Ban tambayi ɗana ba, don ɗan fari ne, ba na sakin baki da shi.

Ana nan ran nan sai na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, takalma suka diro. Ashe wani ya kai tsegumi cewa ana taro.

"Taron me kuke yi?" in ji wata murya mai kauri.

"Hira ce kawai, Yallaɓai." Muryar ɗana ce, amma ta yi laushi kamar ta mai zazzaɓi.

"Hira ana dokar hana fita? Kuma ma'aikata? Ku tashi mu je ofis ku yi bayani."

Na ce shi ke nan, aiki ya tafi, kuma inda aka kai Biliti can za a kai min yaro. Ban san sanda na zura hijabi baibai ba, na faɗo zauren da kwanon gyaɗata a hannu. Na nuna sufeton da yatsa.

"Kai ɗan nan, ba inda za ka kai min yaro sai ka fito da na farkon."

"Wane na farko, Iya?"

"Akanta Biliti! Ina kuka kai shi? Mutum da iyalinsa, an neme shi ƙasa ko sama an rasa?"

Sufeto ya juya wajen kurtun da ke bayansa, da gaske fa, ya ce, "Kai, akwai wani Biliti a wajenmu?"

Kurtu ya ƙame ya ce, "Yallaɓai, ɓarawon akuya ne kaɗai."

Malamin firamare ne ya fara, dariya ta ƙwace masa ta hanci. Ɗana ya rufe fuska da hula yana cewa, "Inna, don girman Allah ki shiga gida." Malamin asibiti ya ce, "Yallaɓai, akantabiliti take nufi." Jama'a, ban taɓa ganin mai kaki ya yi irin wannan dariya ba. Ya dafe ciki, hularsa ta faɗi, ya zube a kan dakali yana share hawaye. Kurtu bai gane komai ba, amma da ya ga maigidansa yana yi sai shi ma ya kama.

"Iya," in ji Sufeto da kyar, "in kin gan shi ki turo mana shi. Wallahi mu ma nemansa muke."

Ni ko murmushi ban yi ba. Na ce, "Mutum ya ɓata kuna dariya?" Sai malamin firamare ya yi min bayani cewa ba mutum ba ne, Turanci ne. Wai wanda aka ba amana ya tsaya ya faɗi abin da ya yi da ita, in ya yi laifi a hukunta shi.

Na ce, "To da me na tambaya? Yaran mutane da aka kwashe a birni, wa zai tsaya ya yi bayani?"

Nan dariyar Sufeto ta tsaya. Ya ce shi ma ƙaninsa yana birni, tun ranar da abin ya fara wayarsa ba ta shiga. Ya ce su umarni ake ba su, amma in abu ya lalace mai umarnin ba a ganinsa, ƙaramin ake nunawa. Ɗana, da ya ga fuska, ya ce, "Yallaɓai, mu ma abin da muke tattaunawa ke nan." Sufeto ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya ɗebi gyaɗata ba tare da na yi masa tayi ba, ya ce kowa ya kama hanyar gidansa. Ba wanda ya shiga mota. Da aka buɗe ofis ɗana ya koma aikinsa, har yau kuma yana kai.

Abin da na ɗauka daga ranar nan shi ne, mai kaki ma yana da nasa a cikin jama'a, yana kuma da wanda yake tsoro. Sannan tambayar da maza ke yi wa juna a zaure ƙasa-ƙasa ba ta zuwa ko'ina, sai an yi wa mai amanar ita ido da ido, da Hausar da kowa zai ji.