Orval Ya Yi Kiɗan Tarbar Kansa

Taubashina Orval Teague, mai facin taya a bakin gadar garinmu a Kansas, tun yana yaro in an aike shi gabas, a yamma ake tsinto shi. Yaƙin Koriya ma bai gyara shi ba. An ce abokan gaba sun gaji da nemansa, don shi kansa bai san inda yake ba.

Ranar dawowarsa, hatta karnukan gari sun tafi tashar jirgin ƙasa. Aka ɗora uwarsa, Inna Velma, a kan dandamali kusa da magajin gari. Gogan kuwa ya sauka shan shayi a hanya, jirgi ya bar shi. Motar madara ce ta kawo shi ta bayan gari, ya rame kamar tsinke, ga ƙatuwar rigar sanyin direba ta rufe kakinsa.

Shi dai burinsa ya isa wurin uwarsa. Amma kowa ya ba shi baya, ido na kan layin dogo.

Mista Hobart, shugaban 'yan badujala, ya cafke shi. "Kai, zanƙalele! Mai gangarmu ya sha ya yi tatul. Riƙe nan!"

"Ranka ya daɗe, ai ni ne..."

"Kowa ma shi ne. Buga!"

Soja ba ya musu da umarni. Ya buga.

Jirgi ya tsaya, wani baƙon soja ya sauko miƙe ƙafa. Kafin ya gama hamma an cicciɓe shi, an jefa a buɗaɗɗiyar mota, 'yan mata na watsa masa furanni ana "Orval! Orval!"

"Jama'a, Denver za ni!" in ji baƙon. Wa zai ji shi?

Orval ya bi motar yana kiɗa. Da ya ga duk gari ya yarda, sai ya fara shakka, har ya ɗan taya su kiran sunan.

Aka kai baƙon gaban Inna Velma. Ta sa tabarau, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wannan ɗan wa kuka sato?"

Wuri ya yi tsit, ban da ganga, don ba wanda ya ce a daina. Ta waiga.

"Orval Teague! Ajiye kayan mutane ka zo nan, sakarai."

Ta rungume shi har haƙarƙarinsa ya yi ƙara. Can ya raɗa mata, "Inna, kin tabbata?"